Saliha Mai Dambu da Baƙin Nama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Birnin Gwari a shekarun da hanya take hanya, da wuya bai ci dambun naman Saliha ba, ko da bai san sunan mai shi ba. Direbobin tirela masu gangarawa kudu su suka yi mata suna. Sukan cusa shi a gwangwanin madara, su yi mako biyu suna ci bai yi fumfuna ba. Masu aurar da 'ya da maniyyata har roƙonta suke yi, ita kuwa ta karɓi aikin da za ta iya, ta sallami saura ba tare da ta ba kowa haƙuri ba. Ba ta iya ba da haƙuri ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, shekarunta sun ba hamsin baya, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma idan ta ce naman da ka kawo bai yi ba, gara ka naɗe kayanka, don ba za ta sake kallonsa ba.

'Yar mahauta ce gaba da baya. Mahaifinta ya yi fawa har idonsa ya mutu. Mace ba ta yanka, ba ta zaman kwata, saboda haka abin da ta gada sai ya koma hannu da tukunya. Mahauci ɗanye yake ganin nama, ya sayar ya wanke hannu. Mai dambu kuwa sai ta dafa shi, ta daka, ta zauna ta tsefe shi sili-sili da yatsu kafin ya ga mai. Wadda ta shekara talatin tana wannan tsifar, nama ba ya ɓoye mata komai.

Ga abin da ta sani, kuma takan faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da turminta, ya tambaya ko bai tambaya ba. Tsoka zare ce, an ɗaure ta dami-dami, kowane dami da tantaninsa. Maraƙi da zarensa ake haihuwarsa, kuma idan ya girma ba ƙaruwa zaren ke yi ba, kauri yake yi. Naman ɗan shekara ɗaya fari-fari ne, ruwa ya yi masa yawa, kafin ka juya ya narke ya bar ka da romo. Daga shekara biyu zuwa huɗu nan daɗin yake: ja ya shiga, zare ya tsaya, tantani bai fara gardama ba. Daga nan sai jan ya yi duhu, kitse ya koma ruwan ɗorawa, zare ya yi kauri har kana iya ƙirga shi, tantani kuwa ya ƙulle ya zama jijiya, ka ƙone itacen kwana biyu yana kallonka. Sa mai jan garma ya fi kowa, don aiki ma yana ƙara wa zare kauri. Wani malamin dabbobi da ya zo sayen dambu ya taɓa gaya mata duk wannan yana cikin littafinsu. Ta ce ashe masu littafin sun taɓa shiga madafi, madalla da su.

Ƙaninta Auta shi ya gaji wuƙar. Shekara goma sha bakwai ta ba shi, uwarsu ta rasu yana rarrafe, da shi a baya ta tare gidan miji. Ya tashi mutum mai fara'a, mai saurin alkawari, mai saurin mantawa. Ita takan zage shi tas, amma kada Allah ya sa wani ya gwada a gabanta. Kullum da safe shi ke kawo mata tsokar cinya zalla, ba ƙashi, don haka take so.

Sai daji ya ɓaci. Hanyar Kaduna ta koma sai da rakiyar sojoji, direbobi suka sauya hanya, kara, kasuwar shanu, ta mutu murus. Makiyayan da aka saba ciniki da su, wasu suka yi ƙaura, wasu aka kwashe musu garke aka bar su da sanda. Mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari da tabarmi da tukwane. Kwatar da ake kayar da shanu goma a yini ta koma biyu, wata rana ko ɗaya babu. Saliha ta rage tukunya, ta koma yi wa masu biki, ba ta dai fasa ba.

Abin da ya fi rashin ciniki ci mata rai shi ne yadda mutane suka koma kallon juna. Kowa ya san shanun da ake sacewa ba a daji ake cinye su duka ba, akwai masu karɓa a cikin gari, saboda haka ido ya koma kan mahauta. 'Yan sa-kai, samarin da suka ɗauki bindigar toka don tsare gari, ba za ka ga laifinsu duka ba, kusan kowannensu ya binne nasa. Amma ba su da dogon bincike. Idan aka kira mutum infoma, aka ɗora shi a babur aka yi bayan gari da shi, iyalinsa ba sa ajiye masa tuwo. Saliha ta sha ja wa Auta kunne kada ya yanka abin da bai bi ta kwata ba. Kullum amsarsa ɗaya, "To, Yaya," yana dariya.

Ranar da abin ya faru Talata ce, farkon damina, kowa na neman yadda zai yi huɗa. Auta ya shigo da sassafe, ya ajiye kwano a bakin madafi, ya ce yana sauri. Bai zauna shan koko ba, shi da ko ana ruwa sai ya sha. Da ta buɗe kwanon ranta ya ɓaci. Naman ya yi duhu, ja mai neman komawa baƙi, ta taɓa shi ya kama mata yatsa. Ta ce a ranta, wato yau tsohuwar saniya yaron nan ya kwaso mata, ita da ke da dambun biki ranar Alhamis. Ta rufe da faifai ta tura gefe, ta tanadi maganganun da za ta gaya masa idan ya dawo.

Ba shi ya dawo ba. Matarsa Lailatu ce ta faɗo gidan da hantsi, ba sallama, mayafi a hannu. Da ƙyar Saliha ta haɗa zancen, don kukan ya fi maganar yawa. 'Yan sa-kai sun ɗauke Auta daga kan teburinsa. Allah ya taimaka mai unguwa ya tare su a hanya, ya roƙi shugabansu Bakoji a tsaya ƙofar gidansa a ji ba'asi. Bakoji ya yarda, amma zuwa la'asar kawai. In an yi la'asar magana ba ta fito ba, za su tafi da shi inda suke yin tambayarsu.

Zargin kuwa shi ne wannan. Akwai wani dattijo, Japheth, manomi daga Kusasu, wanda ya gudo ya kama ɗaki a unguwar. Duk abin da ya tsira da shi bijimi ne guda na huɗa, ɗan shekara tara, da yake haɗawa da na maƙwabci su yi noma a bakin gari. Kwana huɗu da suka wuce mutanen daji suka fito masa da rana tsaka, ya sha da ƙyar, suka kora bijimin. Yau kuma ga Auta da naman da bai bi ta kwata ba, ba kai, ba fata, waɗanda suka saya sun ce baƙi ne irin na tsohon sa. Auta ya rantse ɗan shekara biyu ne, na turke, wani baƙo ya yi kiwonsa a gida. Wai sabuwar ciyawa ya ci cikinsa ya kumbura, aka yanka da asuba kada ya yi mushe, mai shi ya riƙe kai da fata ya bi ayarin motocin safe zuwa Kaduna. Ba wanda ya san mutumin. Naman tebur kuwa ya riga ya ƙare, ya shiga tukwanen mutane. Abin da ya rage daga jikin dabbar nan shi ne wanda ke ƙarƙashin faifan Saliha.

Saliha ta dubi faifan. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka yi harbi a bakin kasuwa, don ita ma da ta buɗe kwanon ɗazu, tsohon nama ta ce. Idan bijimin Japheth ne, yatsunta za su gaya mata, kuma daga nan ba yadda za ta yi ta koma ba ta sani ba. Sannan ta ce wa Lailatu ta yi mata shiru, ta ɗauko wuƙa, ta fito da kwanon tsakar gida inda haske yake.

Ta yanka tsokar a gicciye, ta karkata ta ga rana. Fuskar yankan sumul take, damin zaren ƙanana, a matse, da ƙyar ido ke raba su. Ta sa farce ta ɗago tantanin, ya taso shara-shara, ta ja ya tsinke ba gardama. Na sa ɗan shekara tara mai jan garma sai da wuƙa, kuma damin zarensa ko daga bakin ƙofa za ka hango. Ta sake yanka wani gefen don kada son zuciya ya rufe mata ido. Duk ɗaya. Wannan dabbar ba ta cika shekara uku ba. Ta yi hamdala a fili, Lailatu ta durƙushe ta ɗauki sabon kuka.

Da a nan ta tsaya, da ta fita da farar zuciya. Amma yatsunta suka ci gaba da bin naman, suna neman abin da ya kamata su samu. Dabbar turke, wadda ke kwance tana cin dusa da harawa, namanta haske gare shi, kuma tsakanin tsoka da tsoka akwai farin kitse. Nan babu ko ɗigo. Naman a bushe, ba ya tsattsafo ruwa, sai danƙo. Ta san wannan naman. Tana yarinya, idan fatake suka koro shanu daga nesa, mahaifinta ba ya yarda a kayar da su sai sun kwana uku suna hutawa suna shan ruwa, don in an yanka dabba da gajiya a jikinta haka namanta ke fitowa. Wannan ɗan sa bai taɓa zaman turke ba. Kora shi aka yi kwana da kwanaki, da gudu, ba kiwo ba ruwa. A wannan zamanin kuwa mutane iri ɗaya ne ke kora shanu haka.

Wato Auta bai yanka bijimin Japheth ba, amma ƙarya yake yi. Lailatu ta tambaye ta ko lafiya, ta ce, "Ba na Japheth ba ne. Ɗauko min tukwane biyu masu girma ɗaya, da ƙaramin turmin nan."

Ƙofar gidan mai unguwa ta cika. Babura a jere, samari da bindigogi da layu a damtse, 'yan kallo har kan katanga. Mahauta kuwa ko ɗaya ba ka gani, kowa ya tuna yana da uzuri a gida. Auta na zaune a ƙasa, hannu ɗaure ta baya, leɓe a kumbure, ba hula. Da ya gan ta ya sunkuyar da kai. Ita ma ba ta sake kallonsa ba, don ta san in ta kalla, ko dai ta fashe da kuka ko ta kwaɗa masa mari, kuma ba wanda zai yi amfani. Japheth na gefen benci, dogo, siriri, hannayensa tsakanin gwiwoyi. Bai yi kama da mai neman jinin kowa ba, mutum ne dai da damina ta sauka ba shi da abin huɗa.

Ta durƙusa ta gaida mai unguwa, ta ce ga ragowar naman, kuma na ƙaramin sa ne. Bakoji ya yi wata 'yar dariya. Mutum ne mai tabon harsashi a wuya, ba ya ɗaga murya. Ya ce da ma wa zai zo ya ce ƙaninsa ɓarawo ne, ga nama baƙi kowa na gani.

"Gaskiyarka," in ji Saliha. "Kada ku yarda da ni, ni na goya shi. Ku aika kwata. Na ji yau sun kayar da tsohuwar saniya, kanta na nan, ku duba haƙoranta da kanku. A kawo tsokar cinyarta. Mai bijimi ya yanka daidai da daidai, ya zuba ruwa, ya hura wuta da hannunsa. Ni ba zan taɓa ba. In naman nan ya yi taurin nata, ku yi abin da kuka ga dama."

Wasu samarin suka yi tsaki, wai yanzu shari'a ta koma tukunya. Amma mai unguwa, wanda tun safe yake neman abin da zai ja lokaci da shi, ya cafe maganar. Bakoji ya tura mutum biyu nasa, suka dawo da tsoka, suka tabbatar haƙoran saniyar duk sun cinye. Japheth ya yanka, ya jera duwatsun murhu biyu, ya raba itace, ya auna ruwa da moɗa ɗaya. Bai fifita wata tukunya ba.

Sai jira. Saliha ta koma jikin bango ta zauna, ta cusa hannayenta cikin hijabi. Ta dafa nama ya fi a ƙirga, ba ta taɓa sanin tukunya na da nawa haka ba. Ta ga zaren da idonta, amma naman gajiya ba ta cika dafa shi ba, don tun daga ƙofa take korarsa. In ya yi mata gardama fa? Iska ta taso daga gabas, hadari ya haɗo, ta riƙa kallon sama tana roƙon Allah ya riƙe ruwan, ita da jiya take roƙon ya sauko. Aka kira azahar. Aka kwance Auta ya yi salla, aka sake ɗaure shi. Ita ma ta shiga cikin gida ta yi tata, ba ta san surar da ta karanta ba. Hadarin ya zubar da 'yan ɗigo ya wuce.

Fiye da tukwanen ma, tambaya ɗaya take tsoro. Ba ta taɓa yin ƙarya a kan nama ba, ko ga mai saye ko ga mai sayarwa, da wannan aka san ta. Ga shi yau gaskiyar da ta kawo rabi ce, sauran rabin ta ɓoye shi.

Da inuwar katanga ta fara miƙewa, ƙamshi ya sauya, ta ce a sauke. Japheth ya tsamo na saniyar ya jefa a turmi, ya ɗaga taɓarya ya buga. Naman ya yi tsalle ya dawo yadda yake. Ya buga sau biyar, ya dai baje, tantaninsa na riƙe da shi. Ta ce ya ja da hannu. Ya ja, zare ya fito mai kauri kamar tsinken tsintsiya, jijiya na bin sa. Aka juye, aka sa na Auta. Bugu biyu ya watse. Japheth ya ajiye taɓaryar, ya tsuguna, ya ɗebo a tafin hannu ya murza, zaren ya rabu siriri-siriri, da laushi. Mutane suka matso har suna taka juna.

Dattijon ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce, a hankali, da Hausarsa mai nauyin harshen gida, "Wannan ba nawa ba ne. Nawa shekara shida yana jan garma, wuyansa ma ya yi kanta. Wannan yaro ne, bai san karkiya ba. Ku sake mutumin nan, kada a ɗauki alhakinsa saboda ni."

Wurin ya ɗauki surutu. Mai unguwa har ya fara miƙewa. Bakoji ne bai motsa ba. Ya jawo kwanon da ke da ragowar ɗanyen naman, ya juya shi, ya dubi Saliha.

"To Inna, in yaro ne, me ya baƙanta shi?"

Ga tambayar da Saliha take tsoro ta zo. Ta ce ba tsufa kaɗai ke baƙanta nama ba, wahala ma tana yi, dabbar da ta sha wuya kafin wuƙa haka namanta ke fita. Auta ya yi caraf ya ce ai shi ya faɗa, tun yammacin jiya yake shure-shure da kumburin ciki. Bakoji ko kallonsa bai yi ba.

"Haka ne, Inna? Kumburin ciki na yin haka?"

"Ban ga dabbar da rai ba," in ji ta. "Shekarunta aka ce a nuna, ga su nan a turmi."

Ya ci gaba da kallonta. Ita kuma ta kafe ido a kan turmin. Da ya ƙara tambaya ɗaya, da ya ce ina kitsen turken, ba ta san abin da zai fito daga bakinta ba, har yau ba ta sani ba. Amma Bakoji manomin dawa ne kafin ya ɗauki bindiga, bai san inda kitse ke kwanciya ba. Ya ajiye kwanon, ya ce a kwance shi. Ya gaya wa Auta yau ya sha, amma idonsu na kansa, kuma in aka sake ganin nama ba kai ba fata a teburinsa, ba za a tsaya ƙofar gidan kowa ba. Ana cikin haka aka kira la'asar.

Tana haɗa tukwanenta Japheth ya matso. Ya tambaye ta, tunda ba nasa ba ne, ko tana ganin nasa na nan da rai. Ta ce Allah ya sa. Ya yi mata godiya, ya ce ta hana shi kwana da jinin mutum a wuyansa, Allah ya yi mata albarka. Duk abin da aka yi ranar, ba abin da ya soke ta kamar godiyar nan.

Kafin magariba Auta ya shigo, ya yi wanka ya sa hula, leɓen dai na nan. Ya durƙusa a bakin madafi ya fara cewa ba shi da bakin godiya. Ta bar shi ya gama. Sannan ta tura masa kwanon gabansa.

"Kwana nawa aka yi ana korar shi?"

Ya buɗe baki zai yi rantsuwa, ya ga fuskarta ya fasa. Can ya ce shi bai je daji ba, kawo masa aka yi bakin rafi, kuma bai tambaya ba. Ya ce mako uku bai samu ko ƙafar akuya a kwata ba, ga yara bakwai a gida. Ya ce sau ɗaya ne. Ko sau ɗaya ne ko ba sau ɗaya ba, ita dai yau ya fara shigo mata da shi.

"Yaya, ke kika fitar da ni."

"Shekarunsa na faɗa," ta ce. "Shi ma yana da mai shi, Auta. Wani na can yau a zaune kamar yadda ka ga dattijon nan, ni kuma na rufe bakina a kansa saboda kai. Na yi sau ɗaya. In suka sake zaunar da ni suka tambaya, zan faɗa duka, ko da kai ne a ɗaure. Ɗauki namanka."

Ya ɗauka. Ya tsaya a bakin ƙofa ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba, don kuka ne ya taso mata, kuma ba ta so ya gani.

Japheth bai ga bijiminsa ba, da garmar hannu ya yi abin da ya samu a daminar. Auta na nan da ransa. Gidansa ne na huɗu daga na Saliha, yana zuwa gaishe ta ranar Juma'a, tana ba 'ya'yansa ƙanzon dambu. Namansa ne bai sake shiga tukunyarta ba. Wajen wani mahauci take saye, kuma ba ta gaya wa kowa dalili ba, ko Lailatu. Ba ta sani ba ko ya daina, don hanyar da za ta sani ɗaya ce, ta taɓa namansa, ita kuma tsoron taɓawa take yi. Sai dai duk lokacin da baburan 'yan sa-kai suka shigo layin, takan tsayar da taɓarya a sama, ta kasa kunne har ta ji sun wuce ƙofa ta huɗu.